Adaftar Waifai Ta Ƙi Aiki a Linux? Duba Cikinta, Manta da Kwali

Duk shekara, da zarar an raba taken furojet, za ka ga an shiga ɗora Linux a laftof kamar ana rabon kyauta, ko da yake dai kyautar ce. Wani malamin netwok ne ya ce sai da shi, wani kuma tsohuwar kwamfutarsa ce Windows ya yi wa nauyi, kafin ta gama buɗewa ka shanye shayinka. Ana gama ɗorawa sai a duba kusurwar sikirin inda alamar waifai take zama, a ga wayam. Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, wasu katin waifai ɗinsu na ciki ya daɗe da mutuwa, wasu kuma kwamfutar tebur ce da ba a yi ta da waifai ba tun asali. Sai a shiga kasuwar 'yan waya a sayo 'yar adaftar nan ta USB mai kama da filash, wata da eriya, wata babu.

A dawo hostel a soka, shiru. A kai ta kwamfutar abokin ɗaki mai Windows, ta kama netwok nan take. Daga nan hukunci biyu ake yankewa. Ko a ce Linux ba ya yi da waifai, a goge shi a koma gidan jiya, ko a ce mai shago ya yi ha'inci, a sake zuba kuɗi a wata adaftar, wadda sau da yawa abin da ke cikinta iri ɗaya ne da na farkon. Ga kuɗin makaranta, ga na handawut, ga na buga furojet da ɗaure shi, ɗalibi ba shi da rarar da zai riƙa sayen adafta yana canki-canka. Kuma lokaci ba ya jira, ranar kare furojet tana nan inda aka sa ta.

Sunan kwali daban, abin ciki daban

Linux ba ruwansa da sunan da aka buga a kwali. TP-Link ne, D-Link ne, Tenda ne, ko irin waɗanda ba su da suna sai "802.11n" kawai a jiki, duk bai dame shi ba. Abin da yake nema shi ne ɗan guntun aisin da ke cikin robar, wanda zan riƙa kira cif. Kamfanonin da ke sayar da adafta suna da yawa, amma masu ƙera cif ɗin ba su cika yawa ba. Akwai Realtek da MediaTek, dukkansu a Taiwan. Akwai Ralink, wanda MediaTek ya saye a 2011, da Atheros, wanda Qualcomm na Amurka ya saye a wannan shekarar. Kamar ƙananan janaretocin nan ne na unguwa, fenti da suna kala-kala, amma idan ka kai wa mai gyara ba ya duba fenti, murfi yake buɗewa ya ga wane inji ne.

Misalin da duk mai harkar netwok ya sani shi ne TP-Link TL-WN722N. Fitowar farko, wadda aka rubuta wa V1, tana ɗauke da cif ɗin Atheros AR9271, wanda Linux ya san shi ciki da bai, kana sokawa ya tashi. V2 da V3 kuma, suna ɗaya, siffa kusan ɗaya, amma cikinsu Realtek RTL8188EUS ne, wani abu daban gaba ɗaya. Don haka idan wani ɗan ajinku ya ce maka "sayi irin tawa, tana aiki," bai yi ƙarya ba, amma bai ba ka cikakken bayani ba. Lambar fitowar tana kan 'yar takardar da aka manna a jikin kwalin ko bayan adaftar, an rubuta "Ver" sannan lamba.

Kafin adafta ta yi aiki sai abu uku sun haɗu. Na farko direba. Ba na mota ba, amma aikin ya yi kama, shi ne 'yar manhajar da ta san yadda ake tuƙa wannan cif ɗin. A Windows kamfani ne ke ba ka direba a faifai ko ya sauko da kansa ta intanet. A Linux galibin direbobi suna zaune ne a cikin kanel, wato zuciyar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki. Na biyu famwaya, wani ɗan fayil da direba ke loda wa cif ɗin duk lokacin da aka soka adafta, domin da yawa daga cikin waɗannan cif ɗin ba sa riƙe umarninsu idan wuta ta bar jikinsu. Na uku kuma manhajar da ke kula da haɗa netwok, wadda a Ubuntu da Mint da Kali sunanta NetworkManager. Aikinka shi ne ka gano a wanne daga cikin ukun nan abin ya tsaya, ba ka hau intanet kana kwafo duk umarnin da ka gani ba.

Tambayi adaftar da kanta

Buɗe taminal. A Ubuntu da Mint, danna Ctrl da Alt da T tare. Fara da sanin kanel ɗinka:

uname -r

Riƙe lambar da ya ba ka, za mu dawo kanta. Sai ka soka adaftar ka rubuta:

lsusb

Zai jero duk abin da ke maƙale a USB, har da kyamara da bulutut na cikin laftof. Idan ka rasa gane wanne ne naka, cire adaftar ka sake umarnin, layin da ya ɓace shi ne. Zai yi kama da wannan:

Bus 001 Device 004: ID 148f:7601 Ralink Technology, Corp. MT7601U Wireless Adapter

Abin da ya fi komai daraja a layin nan shi ne 148f:7601. Kashin farko lambar kamfani ce, na biyu lambar kaya. 0bda ta Realtek ce, 148f ta Ralink, 0e8d ta MediaTek, 0cf3 ta Atheros, 2357 kuma ta TP-Link. WN722N ɗin da muka ambata, V1 tana fitowa da 0cf3:9271, V2 da V3 kuma 2357:010c. Ka ga ke nan ba sai ka fasa roba ba. Wannan lambar ita za ka nema a intanet tare da kalmar Linux, ba sunan kwali ba. Wanda ya nemi sunan kwali zai samu amsoshin mutanen da cif ɗinsu ba irin nasa ba ne, ya ɓata dare guda a banza.

Idan kuma lsusb bai nuna komai sabo ba, to maganar direba ba ta ma taso ba. Canza rami, gwada a wata kwamfutar. Ramukan USB na tsofaffin laftof suna sakwarkwacewa, wani sai ka ɗan danne kafin ya kama.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi so, domin a nan kanel yake faɗin abin da ke ransa. Cire adaftar, rubuta:

sudo dmesg -w

Sai ka soka ta kana kallon sikirin. Sababbin layuka za su fito a ƙasa. Turanci ne na injiniyoyi, amma ba sai ka gane duka ba. Idan ka ga an rubuta cewa an ga sabuwar na'urar USB, an faɗi lambarta da sunan kamfani, daga nan kuma aka yi tsit, to kanel ya ga baƙo amma bai da direban da zai karɓe shi. Idan ka ga sunan direba ya fito, irin su mt7601u ko rt2800usb ko ath9k_htc ko rtl8xxxu, sannan wani layi mai cewa "Direct firmware load" ya ƙare da "failed with error -2", to direba yana nan, famwaya ce babu. Lambar -2 ɗin nan a Linux tana nufin ba a sami fayil ba, shi ke nan. Idan ka ga "renamed from wlan0", albishirinka, direba da famwaya duk sun yi aikinsu, matsalarka tana gaba, ka tsallake zuwa maganar rfkill. Idan kuma layuka irin "device descriptor read" da "error -71" ne ke ta maimaituwa, wannan yawanci wuta ce ba ta isa ba, ko rami, ko waya, ko ita kanta adaftar ta samu matsala. Danna Ctrl da C ka fita.

Ina za a samu intanet a gyara intanet?

Duk gyaran da zai biyo baya yana son sauke wani abu, kai kuma ba ka da waifai. Wayarka ta Android ita ce mafita. Haɗa ta da laftof da wayar caji, ka shiga saitin hosfot ka kunna "USB tethering". Linux zai ɗauke ta a matsayin netwok na waya ba tare da ka girka komai ba. Sai dai a kula, wasu wayoyin caji masu araha wuta kawai suke kaiwa, ba su da layin data. Idan maɓallin ya ƙi kunnuwa, ari wata wayar cajin. Kuma a yi lissafin data tun da wuri. Kunshin famwaya na Ubuntu kaɗai ya kai ɗaruruwan megabait, don haka wannan aikin datar dare ne.

Idan famwaya ce ta ɓace, a Ubuntu da Mint:

sudo apt update

sudo apt install --reinstall linux-firmware

A Debian an rarraba su ne gida-gida: firmware-realtek, firmware-atheros, firmware-ath9k-htc, sai firmware-misc-nonfree inda na Ralink suke a Debian 12. Shekara da shekaru Debian ba ya sa irin waɗannan fayilolin a faifansa na hukuma saboda ba a buɗe lambar rubutunsu ba, shi ya sa ya yi suna wajen wahalar da masu waifai. Sai a 2022 masu aikin suka kaɗa ƙuri'a, daga Debian 12 da ya fito a Yunin 2023 aka fara haɗawa da su. Wanda ke riƙe da tsohon faifan Debian da ya gada daga wani siniya, ga dalilin wahalarsa nan. Bayan girkawa, cire adaftar ka mayar. Fayilolin suna zama a /lib/firmware idan kana son ka leƙa.

Akwai wata dabara da ke rikita mutane sosai. Wasu adaftocin, musamman na Realtek masu rubutun "free driver" a kwali, idan ka soka su ba sa gabatar da kansu a matsayin waifai. Sai su fito kamar faifan CD mai ɗauke da direban Windows. A Windows wannan gata ne, direban ya girku, adafta ta juye ta zama waifai. A Linux kuwa sai ta zauna a matsayin faifai tana jiran abin da ba zai zo ba. Alamar ita ce lsusb ya nuna 0bda:1a2b, wani lokaci da rubutun "Driver CDROM Mode". Maganinta manhajar usb-modeswitch, wadda galibi tana nan an riga an girka:

sudo usb_modeswitch -K -v 0bda -p 1a2b

Sake lsusb, za ka ga lambar ta canza zuwa ta gaskiya, misali 0bda:c811, wato cif ɗin RTL8811CU. Da wannan sabuwar lambar za ka ci gaba.

Idan kanel bai san cif ɗin ba

Nan ne aiki yake, kuma nan ne Realtek ya fi ba da ciwon kai. Ba wai kayansu ba su da kyau ba ne. Abin da ya faru shi ne shekaru da dama kamfanin yana fitar da direbobin Linux na adaftocin USB a gefe, ba a cikin kanel ba, sai 'yan sa kai su ɗauka su riƙa yi musu faci duk lokacin da kanel ya canza. Atheros AR9271 da Ralink RT3070 da RT5370 kuwa sun daɗe a ciki, MT7601U ma ya shiga tun kanel 4.2 a 2015.

Amma abubuwa sun gyaru a 'yan shekarun nan, shi ya sa na ce ka riƙe lambar uname. A kanel 6.2 na farkon 2023 direban rtw88 ya fara ɗaukar adaftocin USB irin su RTL8821CU da RTL8822BU, a nan ne kuma rtl8xxxu ya karɓi RTL8188FU, wanda ke cikin ƙananan adaftoci masu araha da yawa. A 6.3 ya ƙara da RTL8188EU. Yanzu kwatanta: Ubuntu 22.04 da Mint 21 sun fito da kanel 5.15, Debian 12 da 6.1, Ubuntu 24.04 da Mint 22 kuma da 6.8. Ka ga adafta ɗaya za ta iya ƙin motsi a laftof ɗin Mint 21, ta yi aiki lafiya lau a Mint 22, ba tare da an taɓa komai ba.

Saboda haka ni a ra'ayina, kafin ka je neman direban waje, fara ɗaga kanel. Wanda ke kan Ubuntu 22.04 ba sai ya goge komai ba:

sudo apt install linux-generic-hwe-22.04

Wannan zai kai shi 6.8. A Mint akwai wurin zaɓen kanel a cikin manhajar sabuntawa. Ka kashe ka kunna, ka sake duba dmesg. Direban da ke cikin kanel ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, domin duk sabuntawar da za ta zo tare da shi za ta zo.

Idan hakan bai yi ba, sai gina direba da hannu. Kalmar tana ba 'yan ND1 tsoro, amma ba wani abu ba ne, kwamfuta ce ke aikin, kai kallo ne naka. Kayan aiki tukuna:

sudo apt install build-essential dkms git linux-headers-$(uname -r)

Sai ka nemi ma'ajiyar direban cif ɗinka a GitHub. Akwai wata mai suna USB-WiFi ta morrownr da ke bayanin wane cif ne ke aiki da wane kanel, wuri ne mai kyau na farawa. Kowace ma'ajiya tana da nata umarnin girkawa a shafin farko, shi za ka bi, shi ya sa ban kawo guda ɗaya a nan ba. Abu biyu dai za ka duba kafin ka sauke: yaushe aka taɓa ta na ƙarshe, kuma ta ambaci lambar kanel irin taka? Direban da aka watsar tun 2018 ba zai ginu a kanel 6.8 ba, zai cika maka sikirin da kurakurai ne kawai.

Kar a raina dkms ɗin nan da ke cikin umarnin. Direban da ka gina da make kawai, an ɗinka shi ne daidai jikin kanel ɗin da kake kai a ranar. Ran da sabuntawa ta kawo sabon kanel, ka kashe ka kunna, waifai ya tafi, kuma irin wannan ba ya tashi faruwa sai daren da za ka tura wa sufabaiza babi na huɗu. DKMS, wanda injiniyoyin Dell suka ƙirƙira a 2003, shi ke sake gina direban da kansa duk lokacin da kanel ya canza. Rubuta dkms status ka ga ko naka yana ciki. Idan kuma abin ya riga ya faru, akwai hanyar gudu: wajen kunna kwamfuta, shiga "Advanced options" a allon GRUB ka zaɓi tsohon kanel, waifai zai dawo har ka samu sukunin gyara.

Sai Secure Boot. Laftof ɗin da suka zo da Windows 8 zuwa sama galibi suna da shi a kunne, kuma ba ya barin kanel ya loda direban da ba a sa wa hannu ba. Za ka gina komai lafiya, babu kuskure ko ɗaya, amma adafta shiru. Idan ka gwada loda direban da modprobe sai ya ce "Key was rejected by service". Duba da:

mokutil --sb-state

Hanya biyu ce. Ko ka shiga bayos ka kashe shi, ko ka yi rajistar makullinka. Ta biyun ita ce wadda Ubuntu ke tambayarka ka ƙirƙiri kalmar sirri, sannan idan ka sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito. Mutane da yawa suna ganin shuɗin allon nan su tsorata su danna ci gaba. A'a, "Enroll MOK" za ka zaɓa, ka sa kalmar sirrin. Masu Windows 11 a gefe ɗaya na kwamfutar, musamman idan BitLocker na kunne, ku adana makullin farfaɗowa kafin ku taɓa bayos, don taɓa Secure Boot na iya sa Windows ya nemi shi.

Gargaɗi kan tsofaffin darussan intanet. Duk wanda ya ce ka girka ndiswrapper, ya yi maganar zamanin Windows XP ne, wuce shi. Kuma kar ka tara direbobi uku a kan cif ɗaya don wai ko ɗaya zai kama. Rigima za su yi. Idan ka sa na waje alhali akwai na cikin kanel da ke ƙoƙarin kama adaftar, sai ka hana ɗaya tashi, ta hanyar rubuta kalmar blacklist da sunansa a wani fayil mai ƙarewa da .conf a cikin /etc/modprobe.d. Umarnin lsusb -t zai nuna maka wanne ne ke riƙe da ita a yanzu.

Direba ya tashi, amma har yanzu ba netwok

Rubuta ip link. Idan ka ga wani suna mai farawa da wlx da dogayen lambobi, ko wlan0 ko wlan1, adaftarka ce. Sai:

rfkill list

"Soft blocked: yes" na nufin manhaja ce ta rufe, sudo rfkill unblock wifi zai buɗe. "Hard blocked: yes" kuma maɓalli ne, ko na gefen laftof ko Fn da ɗaya daga cikin maɓallan F. Ga inda masu mataccen katin ciki ke faɗawa: idan laftof ya ce katin ciki a rufe yake, NetworkManager na iya kashe waifai gaba ɗaya, har da adaftar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Idan maɓallin ya lalace, ana hana direban da ke kawo rahoton rufewar tashi, irin su ideapad_laptop ko acer_wmi, gwargwadon kwamfutarka, da wannan hanyar ta blacklist.

Daga nan:

nmcli device wifi list

nmcli --ask device wifi connect "sunan netwok"

Idan tana ganin netwok ɗin maƙwabta amma ba ta ganin hosfot ɗin wayarka, duba saitin wayar. Ƙananan adaftocin nan na 802.11n galibi a 2.4 GHz kaɗai suke ji, sababbin wayoyi kuma suna iya watsa hosfot a 5 GHz. Mayar da shi 2.4. Idan tana gani amma tana ta neman kalmar sirri alhali daidai ka sa, canza tsaron hosfot daga WPA3 zuwa WPA2, tsofaffin direbobi ba duka suka iya na farkon ba.

Mai haɗuwa tana yankewa kuma, abu uku nake zargi. Tanadin batir, wanda za ka gwada kashewa da sudo iw dev, sunan adaftar, sannan set power_save off. Ƙarancin wuta, domin ramin USB 2.0 miliamf 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, idan ka jera adafta da filash da linzami a kan ƙaramin hob ɗaya to rabawa suke yi. Sai na uku mai ban mamaki: USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana fitar da hayaniyar rediyo a daidai yankin 2.4 GHz, Intel ma sun fitar da takarda a kan haka a 2012. Idan hadis ɗinka na waje yana maƙale kusa da adaftar, raba su. 'Yar wayar ƙari ta USB da za ta ɗaga adaftar zuwa bakin taga ta fi saiti goma amfani, musamman a ɗakunan hostel masu kaurin bango. Shi kuma "150Mbps" na kwali, iyakar abin da cif zai iya ne tsakaninsa da rauta a yanayi mafi kyau. Ba shi ne gudun intanet ɗinka ba, wannan yana hannun layin da ka sa wa data.

Masu Kali a cikin VirtualBox, ku naku daban ne. Kali na ciki ba ya ganin katin waifai na laftof a matsayin waifai, netwok na waya yake gani. Dole sai ka miƙa masa adaftar USB ɗin kai tsaye daga saitin USB na VirtualBox, kuma da zarar ka miƙa, babbar kwamfutar ta rasa ta. Daga VirtualBox 7.0 ba sai an ƙara wani kunshi ba kafin USB 2.0 da 3.0 su yi aiki. Idan babbar kwamfutar ma Linux ce, sa sunanka a rukunin vboxusers, ka fita ka sake shiga. Na san abin da ke kai yawancinmu Kali, yanayin sauraron iska ne da ake gwajin tsaron netwok da shi, kuma AR9271 da RT3070 sun yi suna a nan. A yi gwajin a kan rautar kai ko ta lab da izinin malami. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutsawa na'urar wani ba izini, kuma "furojet nake yi" ba hujja ba ce a gaban alƙali, balle a gaban kwamitin ladabtarwa.

Wanda bai riga ya saya ba shi ya fi kowa sa'a. Tafi kasuwa da laftof ɗinka a caje. Idan kwamfutar tebur ce, ari laftof ka tafi da filash ɗin da ka ɗora Linux da shi, ka kunna ta daga filash ɗin ba tare da girkawa ba, kanel ɗin da ke kai shi ne zai yi gwajin. Ka gaisa da mai shago, ka ce, "Alhaji, don Allah zan ɗan gwada kafin na biya." Soka, rubuta lsusb, kunna hosfot ɗin wayarka ka ga ko ta kama. Don karatu da sauke takardu kawai, MT7601U ko RT5370 sun wadatar, sai dai MT7601U ba ya iya zama hosfot da direban cikin kanel, idan furojet ɗinka na buƙatar haka. Mai son 5 GHz ya nemi MediaTek MT7612U, wanda ke cikin kanel tun 4.19, ko MT7921AU idan kanel ɗinsa sabo ne, ko da yake waɗannan sun fi tsada kuma ba kowane shago ke da su ba. Idan mai shago ya ce ba a yage leda sai an biya, ku yi magana a kan canji tun kafin ka miƙa kuɗi, ya rubuta maka a bayan rasit.